Haɗin gwiwar ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa a Sakkwato: wa zai kawo me, wa zai ɗauki asara?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. A watan Satumba na shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Sakkwato, jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyaman 23 duka. Sai ga sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026.

Waɗannan sauye-sauye sun tayar da wata tsohuwar magana. Tunda an ce ƙaramar hukuma za ta riƙe kuɗinta, me zai hana ita da maƙwabtanta su haɗa kai da 'yan kasuwa da masu masana'antu don bunƙasa arzikin yankinsu? Maganar da daɗin ji, sai dai kowa da abin da yake fahimta idan aka faɗe ta. Mai rumfa yana jin kasuwar za a sayar. Manomin albasa a Goronyo yana hango wurin ajiya. Ma'aikacin sashen tara kuɗin shiga a sakatariya kuwa makomar aikinsa yake tunani. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake laƙaba suna ɗaya ga tsare-tsaren da ba su yi kama da juna ba.

## Kwangila daban, haɗin gwiwa daban

Kwangila kowa ya san ta. Hukuma ta ware kuɗi, ɗan kwangila ya gina rumfuna ko ya gyara kwata, a biya shi, ya kama gabansa. Ko kasuwar ta ci ko ta mutu, babu ruwansa. Sayarwa kuma ita ce kadara ta fita daga hannun gwamnati baki ɗaya. Haɗin gwiwa yana tsakanin biyun: filin ko kasuwar na nan a matsayin mallakar hukuma, ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa ya gina ko ya gyara, ya gudanar da wurin na wasu shekaru da aka ƙayyade, sau da yawa 15 zuwa 30, yana karɓar haya da kuɗin hidima har ya fanshe jarinsa da riba, sannan ya mayar. Abin da ya raba shi da kwangila shi ne asara. Idan rumfunan suka zauna babu masu kamawa, aljihun mai jarin ne zai ji.

Mutumin karkara ya san irin wannan tsari a wajen bayar da kiwo. Mai akuya ya ba da ita, mai kiwo ya ba da ciyawa da wahala, a raba 'ya'ya. Rigima ba ta cika tashi a kan rabon ba, tana tashi ne ranar da akuyar ta mutu ba a riga an yi magana a kan wanda zai ɗauki asarar ba.

Akwai wani nau'in da ba gini a cikinsa. Shi ne a kafa zaure na dindindin inda shugabannin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka za su riƙa zama da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da manoma, da direbobi, da bankuna, da masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su amince a kan sana'o'in da za a sa a gaba, da hanyoyin da za a fara gyarawa, da harajin da za a daidaita. Wannan ba baƙo ba ne a doka. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowace majalisar ƙaramar hukuma nauyin shiga cikin tsara tattalin arzikin yankinta, ya kuma ce majalisar dokokin jiha ta kafa hukumar tsare-tsare don haka. A ɓangaren 'yan kasuwa akwai SOCCIMA, ƙungiyar ciniki da masana'antu da ma'adinai da noma ta jihar, ban da ɗimbin ƙungiyoyin kasuwa-kasuwa da sana'a-sana'a.

Idan ana maganar haɗin gwiwar yanki, galibi ana nufin duka biyun ne: zauren ya zaɓi aiki, yarjejeniyar gini ta aiwatar da shi.

## Me ke hannun ƙaramar hukuma?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi, su ɗauka kuɗi ne ciyaman zai kawo. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin 100, jihohi na da 26.72, tarayya na da 52.68. Daga harajin VAT suna da kashi 35. Kuɗin ya ƙaru a lissafin naira tun bayan cire tallafin fetur a 2023, amma ana raba shi ne tsakanin hukumomi 774, kuma kafin a zo maganar aikin raya ƙasa akwai albashin malaman firamare, da ma'aikatan asibitocin karkara, da na sakatariya, da fansho, da kason masarautu. Abin da ya rage ba ya gina masana'anta.

Ƙarfin ƙaramar hukuma yana cikin ikon da doka ta ba ta. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da kwashe shara, da hanyoyin cikin gari, da kula da shaguna da gidajen abinci, da harajin gidaje a ƙarƙashinta. Wata dokar tarayya ta 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta ba ta kuɗin kasuwa, amma da sharaɗi guda da ba a cika lura da shi ba: ban da kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Ke nan duk ranar da gwamnatin jiha ta shigo da kuɗi cikin aikin wata kasuwa, tambayar wanda zai karɓi kuɗin rasit ta buɗe.

Sai ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke bayar da izinin amfani da su bisa al'ada. Tana iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Ga mai son kafa wurin busar da albasa ko wurin kiwon turka, wannan iko ya fi masa duk wani tallafin kuɗi da ciyaman zai iya bayarwa. Shi ne kuma ikon da ya fi haɗari ga talaka, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ba ya hannunta ma yana da yawa. Ma'adinai na tarayya ne, har da dutsen siminti na Kalambaina. Iyakar Illela ta kwastan da jami'an shige da fice ce. Madatsar ruwa ta Goronyo, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ita ma ta tarayya. Lantarki kuwa, Dokar Wuta ta 2023 jihohi ta ba damar kafa nasu tsarin. Duk ciyaman ɗin da ya yi wa mai zuba jari alkawarin ruwan dam ko wuta ko sauƙin ketare iyaka, ya yi alkawarin abin da ba nasa ba.

## Yadda aka iso nan

Kafin gyaran 1976, En'e ce ke riƙe da karkara. En'e ta Sakkwato tana da baitulmalinta, tana tara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai, tana kula da kasuwanni. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk ƙasar, aka haɗa su da kason tarayya. Da kuɗin mai ya zama abin dogaro, tara kuɗi a cikin gida ya koma abin yi idan an ga dama. Kundin 1999 ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi a sashe na 162, inda kason ke sauka kafin ya isa sakatariya. Shekaru 25 aka yi ana ƙorafin cewa a nan kuɗin ke maƙalewa.

Illar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Hukumar da ba ta san nawa za ta samu wata mai zuwa ba, kuma ana iya rushe shugabancinta da sanarwa ɗaya, ba wadda za a ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da ita ba ce. Hukuncin 2024 ya nufi toshe wannan ɓaraka, sai dai aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, aka shafe fiye da shekara ana taƙaddama a kan buɗe asusu a Babban Banki da sharuɗɗansa. Har sai wannan ya daidaita, mai jari zai ci gaba da neman sa hannun gwamnatin jiha a kan duk takardar da ciyaman ya sa wa hannu.

Matsin da ke tura mutane neman mafita shi ma sananne ne. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 a kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa Sakkwato a kan gaba a ƙasar, da kusan kashi 91 cikin 100 na jama'arta. Rahoton 2019 da ya auna abin da mutum ke kashewa ya ba ta kashi 87.73.

## Dalilin da ya sa ake cewa yanki

Kaya ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba. Albasar da aka noma a fadamun Goronyo, ko Wurno, ko Gada, ko Kware, takan bi ta birnin Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal kafin ta shiga Kebbi a hanyarta ta zuwa Kudu. Dabbar da ta shigo daga Birnin Ƙonni ta kasuwar Illela ranar Lahadi tana iya ratsa Gwadabawa da Kware ta kwana a kasuwar Kara ta birnin Sakkwato. Idan kowace hukuma ta tsayar da motar ta yanka mata rasit, kuɗin da aka karɓa a hanya daga farashin manomi ko makiyayi ake cire shi, domin ɗan kasuwa ya riga ya lissafa shi kafin ya yi tayi. Dokar 1998 da aka ambata ta hana datse hanya don karɓar haraji, amma duk direban babbar mota ya san bambancin abin da ke rubuce da abin da ke kan titi.

Saboda haka abu na farko da zauren yanki zai iya yi ba ya buƙatar bulo ko ɗaya: rasit guda a wurin lodi, wanda duk hukumomin da ke kan hanyar za su amince da shi, su raba kuɗin a tsakaninsu bisa ƙa'ida. Wahalarsa ta siyasa ce. Hukumar da kaya ke wucewa ta cikinta kawai za ta ce an rage mata, wadda ake lodi a cikinta za ta ce ita ke share kasuwar. Akwai kuma matasan da tsayar da motoci ya zama musu abin ci, waɗanda galibi suna da ubangida.

Birnin Sakkwato kansa wani misali ne. Ya fi ƙarfin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya malala cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Shara da tashoshi da wuraren sana'a na gari ɗaya ne, amma hukumomin da ke da iko a kai sun kai biyar, ga kuma hukumomin jiha da ke aiki iri ɗaya a wuri ɗaya.

## A ɗauki ajiyar albasa

Albasa ce ta fi nuna yadda lissafin yake. Ana girbe ta da yawa a lokaci ɗaya a ƙarshen noman rani, farashi ya faɗi. Wanda ya iya riƙe ta zuwa damina ko bayanta yana iya sayarwa da ninki. Manoma suna ajiye ta a rudu, wanda ake yi da itace da kara da ciyawa, kuma zafi da danshi da ruɓa suna cin kaso mai yawa kafin lokacin sayarwa. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ma ba ya kaiwa ga ajiyar, a bakin gona yake sayarwa.

A ce ƙananan hukumomi uku na gabashin jihar sun ba da fili kusa da kasuwa, sun gyara hanyar da ta shiga wurin, wani kamfani ya gina ɗakunan ajiya masu iska. A takarda kowa ya ci riba. Amma tambayoyin da za su yanke ko manomi zai amfana suna cikin yarjejeniyar. Kamfanin zai karɓi kuɗin ajiya ne a kan kowane buhu, albasar tana nan ta manomi, ko kuwa zai saye ta da arha lokacin girbi ya ajiye wa kansa? Idan na biyun ne, an ƙara babban mai saye guda ɗaya a kasuwa, ribar jira kuma ta koma gare shi, da filin jama'a. Idan na farkon ne, wa zai biya idan albasar ta ruɓe a hannun kamfanin? Wa ke auna ingancinta ranar shiga? Takardar shaidar ajiya da za a ba manomi, banki zai karɓe ta ya ba shi rance ya biya bashinsa ba tare da ya sayar ba? Idan babu wannan na ƙarshe, manomi mai bashi ba zai kai kayansa ba, ɗakunan za su cika ne da kayan manyan dillalai.

Maganar rance ta jawo wata. Da yawa daga manoma da 'yan kasuwar Sakkwato ba sa karɓar bashi mai kuɗin ruwa. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna aiki da tsarin murabaha da musharaka, wato ciniki da haɗin jari marasa kuɗin ruwa, kuma duk tsarin da bai tanadi irin wannan hanya ba, zai bar mutane da yawa a waje tun ranar farko.

Ana iya yin irin wannan lissafi a kan fata. Jar akuyar Sakkwato ce asalin fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, saboda ta can take bi ta isa gare su. Yau mafi yawan ƙirgin da ake tarawa ana kai shi manyan majemun Kano, dukawan Shiyar Madunka kuma suna aiki da ɗan abin da ya samu. Mayanka na hannun ƙaramar hukuma, kuma a wurin fiɗa ne wuƙa ke rage wa fata daraja. Gyaran kwata da horar da mahauta ƙaramin aiki ne da ba ya ɗaukar hoto mai kyau ranar buɗewa, shi ya sa ba a cika rububinsa ba.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna kafa hujja da tarihi. Sun ce an ga abin da gwamnati ke yi idan ta riƙe kasuwanci ita kaɗai: a gina, a buɗe da biki, a bar shi ya lalace saboda babu wanda gyaransa ya dama. Wanda ya sa kuɗinsa zai tabbatar famfo na zuba, rufi ba ya yoyo. Suna ƙarawa da cewa tara kuɗi ta na'ura a hannun kamfani yana rage rasit na bogi, hukuma ta samu fiye da abin da take samu a da ko bayan an cire kason kamfanin.

Ƙananan 'yan kasuwa suna da tasu hujjar, ita ma daga abin da aka gani a garuruwa da dama na ƙasar nan. A rushe tsohuwar kasuwa, a yi alkawarin mayar da kowa wurinsa, a gama gini, sai farashin shago ya fi ƙarfin mai tebur. Masu kuɗi su saye shaguna su bayar haya, tsofaffin masu wurin su koma bakin titi, a zo ana korarsu. Suna kuma tsoron wani abin da ake sa wa rigar haɗin gwiwa alhali ba shi ba ne: a ba wani na kusa da masu mulki kasuwa ko tasha ya riƙa karɓar kuɗi yana ba hukuma wani abu a wata, bai gina komai ba. Wannan jinginar da haraji ce, kuma hanyar ribarsa ɗaya ce, ya matsa wa masu biya.

Ma'aikata sun rabu. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta daɗe tana fafutukar 'yancin kuɗi, ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta sha nuna fargabar a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, saboda abin da ya faru a baya na rashin biya. Fargabar tana da alaƙa da wannan batu kai tsaye. Idan ciyaman ya yi wa kamfani alkawarin cike masa giɓi duk shekarar da kuɗin shiga bai kai ba, daga tukunyar da ake biyan malamai za a ɗiba.

Masu kallon abin daga ɓangaren jiha suna cewa yawancin sakatariyoyi ba su da lauyoyi da masu lissafin da za su zauna da babban kamfani su fito ba a cuce su ba, don haka dole jiha ta tsaya a tsakiya. Masu sukar wannan ra'ayi suna amsawa da cewa da irin wannan hujja aka riƙe asusun haɗaka. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Dokar tarayya ta 2005 da ta kafa hukumar ICRC mai kula da irin waɗannan yarjejeniyoyi ayyukan tarayya ta shafa, don haka abin da zai kare ƙaramar hukuma dokar jiha ce da ƙarfin kansilolinta. A majalisar da ciyaman da kansiloli da gwamna duk jam'iyyarsu ɗaya, haɗa kai yana da sauƙi, mai tambaya ne ke ƙaranci.

## Darasi daga Kebbi, Legas da Kalambaina

A 2016 Kebbi da Legas suka ƙulla yarjejeniyar shinkafa, Kebbi ta noma, Legas ta saya, aka fito da Lake Rice a Disamban shekarar. Ta yi farin jini, bayan 'yan shekaru kuma ta yi wuyar gani a kasuwa. Masana'antun shinkafa masu zaman kansu da suka kafu a jihar, irin su WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, sun ci gaba da sayen shanshera. Abin da ya rataya a kan zumuncin gwamnoni biyu ya raunana, wanda ya rataya a kan ciniki ya tsaya.

A Legas, an ba wani kamfani hanyar Lekki zuwa Epe a 2006 na shekara 30. Da aka fara karɓar kuɗin wucewa a ƙarshen 2011 jama'a suka yi zanga-zanga, a 2013 gwamnatin jihar ta sanar da cewa za ta fanshi yarjejeniyar. Masu biyan kuɗin ba su cikin waɗanda suka amince da farashin.

Kalambaina darasinta daban ne. Kamfanin siminti da aka kafa a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu yana cikin BUA Cement, kuma shi ne masana'anta mafi girma a jihar. Amma tsarin harajin ƙasa ya sa harajin ribar kamfani na tafiya asusun tarayya, harajin albashin ma'aikata na tafiya jiha. Ƙaramar hukumar da ta karɓi baƙuncin masana'anta ba ta samun kaso na musamman daga waɗannan biyun, ko da manyan motoci a hanyoyinta suke bi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa masu haƙa su ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma irin wannan takarda ce ke zama ƙofar amfanin gari. Ke nan ribar ƙaramar hukuma daga babban jari tana zuwa ne ta aikin yi, da cinikin da ke tasowa a gefe, da abin da aka rubuta tun farko.

## Tsaro da iyaka

Babu lissafin da zai yi daidai idan aka bar waɗannan biyun a waje. Yankin da ya fi albasa da tafarnuwa da dabbobi shi ne ya fi shan wahalar 'yan bindiga: Sabon Birni, Isa, Goronyo, Rabah, Wurno. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, a Oktoban shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. A Tangaza da Gudu kuma ga matsalar Lakurawa.

An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar, kuma babu ciyaman ɗin da aka nemi shawararsa. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024 kuma daga Illela ta faro, tana iya ɗaga darajar filayen da ke bakinta, amma ba ta hana a sake rufe iyakar ba.

Mai jari ya san duk wannan. Ko dai ya ƙi zuwa, ko ya nemi riba mai yawa, ko ya nemi hukuma ta ɗauke masa asarar ranar da aka rufe kasuwa. Zaɓi na uku ne ya fi yawa, kuma shi ne ke mayar da haɗin gwiwa bashi a ɓoye.

## Inda abin zai taɓa talaka

Ga mai gona, batun fili ne. Dokar 1978 ta tanadi diyya a kan amfanin gona da gini da sauran abin da mutum ya yi a kan ƙasa, ba a kan ƙasar kanta ba. Iyalin da aka karɓe wa fadamar gado don aikin jama'a suna iya tashi da kuɗin amfanin shekara guda. Akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi, kamar a ɗauki filin haya daga masu shi, ko a ba su kaso a cikin aikin, amma sai an rubuta. Makiyayi kuma zai duba ko filin da aka kira fili maras amfani burtali ne ko makiyaya.

Ga mai rumfa da mai tebur, kuɗin da suke biya kusan tabbas zai ƙaru, domin wanda ya gina sai ya fanshe. Abin dubawa shi ne ko ƙarin ya zo da ruwa da bayan gida da mai gadi, kuma ko ya maye gurbin rasit barkatai da ake yanka musu ko an ɗora shi ne a kansu. Dillalai, da 'yan kamasho, da 'yan dako, da sarkin kasuwa, da sarkin pawa suna da matsayi a kasuwa wanda ba ya cikin kowace doka, kuma tsarin da ya yi kamar babu su yakan gamu da su daga baya. Mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke aiki daga cikin gida ba su da kujera a irin wannan zaure sai an nemo su ta ƙungiyoyinsu.

Wa'adin ciyaman 'yan shekaru ne, yarjejeniyar kuwa za ta ga ciyamomi biyar ko shida. Shi ya sa abubuwan da mazaunin yanki zai nema tun kafin a sa hannu ba su da yawa, kuma kansilansa na da ikon tambayarsu a zauren majalisa. An yi tallar aikin wasu suka nema, ko mutum ɗaya aka kira? Su wane ne masu kamfanin a rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista? Shekara nawa, kuma wa ke da ikon ƙara kuɗin haya? An rubuta sunayen masu rumfuna na yanzu kafin a rushe, an liƙa jerin inda kowa zai gani? Gobarar da ta ci wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ta ƙara tambaya guda: idan abin da aka gina ya ƙone a shekara ta biyar, akwai inshora ko takaful a kansa, kuma ya haɗa da kayan 'yan kasuwa ko ginin kamfanin kawai ya rufe?